Abin wuya, agogo ko na'urar bango: wanne zai kira taimako idan dattijo ya faɗi a gida?

Duk wanda ya fita neman abin da zai sanar da shi idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta faɗi, zai tarar da kaya iri-iri, kowane mai sayarwa yana rantsuwa nasa ya fi. Akwai na ratayawa a wuya, akwai agogo, akwai na maƙalawa a bango, ga kuma wayar hannu da mutane da yawa ke ganin ta wadatar. Kafin a shiga tantance su, ya kamata a san abin da ake gudu.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. In ka cire haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya kai ta kisa. A Amurka, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi a kowace shekara, wanda kuma ya faɗi sau ɗaya, yiwuwar ya sake faɗuwa ta ninka.

Babu ko ɗaya cikin na'urorin nan da ke hana faɗuwa. Aikinsu shi ne rage lokacin da mutum zai yi yashe a ƙasa ba wanda ya sani. Likitoci suna ɗaukar kwanciyar da ta wuce awa guda a matsayin matsala mai zaman kanta, ko da ba a karye ba. Ruwan jiki yana ƙarewa, sanyi yana shiga, fata tana fara gyambo a inda nauyin jiki ya danne ta, tsokar da aka danne kuma tana lalacewa ta zuba abin da ke illata ƙoda. Daga baya ciwon huhu ya biyo. Mutumin da aka ɗaga bayan minti 15 da wanda aka tarar da safe, ko da faɗuwarsu iri ɗaya ce, jinyarsu ba za ta zo ɗaya ba.

## Abubuwan da za a auna

Na farko, zai kasance tare da shi a lokacin? Wannan ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne wanda ba a rubutawa a jikin kwali. A 2008 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila a kan tsofaffi 110 da suka haura shekara 90, aka bibiye su tsawon shekara guda. Cikin waɗanda suka faɗi, kashi 80 cikin 100 sun kasa tashi da kansu aƙalla sau ɗaya, kashi 30 kuma sun yi awa guda ko fiye a ƙasa. Yawancinsu suna da ƙararrawar kiran taimako, amma a galibin faɗuwar da ta kai ga doguwar kwanciya ba a danna ta ba. Wani ba ta jikinsa. Wani tana wuyansa amma ya ƙi dannawa, yana ganin zai lallaɓa ya tashi, ko yana gudun a kwashe shi a kai asibiti. Wani ya yi ƙoƙari ya kasa. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, wanne ne wannan dattijon, da halinsa da na sani, zai yarda ya kwana da shi, ya shiga wanka da shi?

Na biyu, yana gane faɗuwa da kansa ko sai an danna? Na'urorin da ake sawa a jiki suna da abin da ke auna saurin motsi da juyawar jiki, wasu har da mai auna matsin iska wanda ke gane an sauko daga tsaye zuwa ƙasa. Abu uku suke nema a jere: saukowa da sauri, buguwa, sannan shiru. Matsalar ita ce tsofaffi ba kullum suke faɗuwa haka ba. Dattijuwa ta tashi tsakar dare za ta banɗaki, jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango, ta sulale a hankali har ta zauna a ƙasa, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Babu buguwa, don haka na'urar tana iya ɗauka zama ta yi. Wani bincike na 2012 ya gwada dabarun gane faɗuwa guda 13 a kan faɗuwa 29 ta gaske da ta sami tsofaffi, sai aka ga a matsakaici ba su kama ko 6 cikin 10 ba. Dalili kuwa, yawancin dabarun an tsara su ne da matasa masu jefa kansu a kan katifa da gangan. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yau kamfanonin da kansu suna rubuta cewa na'urarsu ba ta kama kowace faɗuwa. Ka yarda da su a kan wannan.

Kishiyar wannan ita ce kururuwar ƙarya. Na'urar da ke tayar da hankalin kowa duk lokacin da aka zauna da ƙarfi a kujera, ba za ta yi wata guda ba za a cire ta a jefa a aljihun tebur.

Na uku, wa zai amsa, kuma ta ina zai shiga? Kira yana zuwa ɗaya cikin wurare uku: cibiyar amsa kira mai ma'aikata dare da rana, wayoyin 'yan uwa da maƙwabta, ko lambar gaggawa ta hukuma irin su 112 a Turai da wasu ƙasashe da dama, 911 a Amurka, 999 a Birtaniya. Cibiya ba ta barci, kuma tana da bayanin dattijon a gabanta, amma sai an biya, sannan dole a tabbata ma'aikatanta suna jin yaren da yake ji. Ɗan uwa ba ya karɓar ko sisi, sai dai yana barci, yana shiga taro, wayarsa tana mutuwa. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ke lura da shi ba: wasu na'urorin da ke kiran lambobi bi da bi, in kiran ya faɗa akwatin saƙon murya sai su ɗauka an amsa, su daina neman na gaba. Masu kyau suna buƙatar wanda ya ɗauka ya danna wata lamba kafin su yarda mutum ne.

Sai kuma ƙofa. An ji kira, an zo, gida a kulle ta ciki. Makulli a hannun maƙwabci amintacce, ko ƙaramin akwatin ajiye makulli mai buɗewa da lambar sirri a bakin ƙofa, yana cikin lissafin kowane zaɓi.

Na huɗu, ta wace hanya saƙon ke fita? Layin wayar gida, layin salula, ko intanet. Kowanne yana da ranar da yake cin amana. Da kamfanonin waya na Amurka suka rufe layin 3G a 2022, tsofaffin na'urori masu yawa sun zama sai an canja su. A Birtaniya ana mayar da layukan gida na da zuwa na intanet, wanda ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta in babu batirin ko-ta-kwana. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: wane layi take bi, kuma awa nawa take yi in babu wuta?

Na biyar, ƙarko. Abu biyu ne, ruwa da batir. Banɗaki wuri ne na santsi, can ne kuma ake cire komai a ajiye. In ka ga IP67 a jikin na'ura, ma'anarsa tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, wanda ya isa wanka. Wadda aka rubuta tana jure fantsamar ruwa kawai, ba ta isa ba.

Na shida, kuɗi. Kada a duba kuɗin saye kaɗai. A haɗa kuɗin na'ura, kuɗin kunnawa in akwai, kuɗin wata sau 36, ƙarin da ake ɗorawa don gane faɗuwa, kuɗin layi, da tarar soke yarjejeniya. Jimillar shekara uku ke nan, kuma a nan ne mai arha a rana ta farko kan koma mai tsada.

Akwai kuma mutunci, wanda ba ya shiga tebur. Duk abin da aka ɗora wa babba ba da yardarsa ba, zai san yadda zai yi ya rabu da shi.

## Madannin kira mai akwati a gida

Shi ne kakan sauran. Tun 1974 Andrew Dibner da matarsa Susan suka kafa kamfanin Lifeline a Amurka a kan wannan dabara, kuma har yau tsarin bai canja sosai ba. Ƙaramin madanni a wuya ko a hannu, da akwati mai lasifika a falo. An danna, akwatin ya kira cibiya ko 'yan uwa.

Ƙarfinsa yana cikin sauƙinsa. Madanni ɗaya ne, ba allo, ba abin koyo. Batirinsa yana yin shekaru ba a caji, don haka babu dalilin cire shi da dare. Ba shi da nauyi, yawanci yana shiga ruwa, kuma kuɗinsa na wata ya fi na sauran masu cibiya sauƙi. Akwatin yakan zo da batirin da zai riƙe shi kimanin kwana guda in wuta ta ɗauke.

Rauninsa a fili yake. Sai mutum yana cikin hayyacinsa, hannunsa yana aiki, kuma ya yarda ya danna. Wanda ya suma, ko ya faɗi a kan hannun, ko shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, madannin yana wuyansa amma ba shi da amfani. Ba ya aiki in an bar gida. Nisan da ake rubutawa a kwali a fili aka auna shi, bango kuwa yana rage shi sosai, don haka ranar da aka kawo shi a zagaya da shi banɗaki, bayan gida da bakin ƙofa ana dannawa. Lasifikar ma a jikin akwatin take. In an faɗi a ɗaki mai nisa ba za a ji muryar juna ba, kodayake cibiya mai tsari in ta ji shiru takan tura taimako. Igiyar wuyan kuma a tabbata irin mai tsinkewa ce in ta maƙale a wani abu, don kada ta shaƙe mai ita.

Kamfanoni da yawa suna sayar da irin wannan madanni mai gane faɗuwa da kansa, da ɗan ƙarin kuɗi a wata. A ganina wannan ƙarin yana cikin kuɗin da ya fi cancantar a biya a duk harkar nan.

## Abin wuya mai layin salula

Wannan ya haɗa komai a jiki ɗaya: madanni, lasifika, makirufo, layin waya, GPS mai nuna inda mutum yake, galibi har da gane faɗuwa. Yana aiki a gida da waje muddin akwai sabis, kuma ana magana ta cikinsa kai tsaye, ko'ina aka faɗi.

A wajen gane faɗuwa, wurin da yake zama ya ba shi fifiko. Ƙirji da ƙugu suna tafiya ne tare da gangar jiki, ba kamar hannu ba da ke yini yana kai da kawo. Sai dai in igiyar ta yi tsawo yana lilo yana bugun tebur, kururuwar ƙarya za ta yi yawa. A gajarta ta ya zauna a kan ƙirji.

Farashin wannan 'yanci shi ne caji. Batirinsa daga kwana ɗaya ne zuwa 'yan kwanaki, kuma lokacin da mutane suka fi sa abu a caji shi ne dare, daidai lokacin da ake tashi cikin duhu da magagin barci. Mafita ita ce a mayar da cajin rana, a wani lokaci da dattijon ke zaune kuma akwai mutum kusa. Abin wuyan ya fi madannin gida girma da nauyi, wasu na jin kunyar fita da shi. GPS ɗinsa a waje yake da kaifi, a cikin gini yana iya nuna unguwa ba tare da nuna ɗaki ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Mai haɗe da cibiya, wanda kuɗinsa na wata ya fi na madannin gida. Da wanda ake saya sau ɗaya a sa masa layi, yana kiran lambobin 'yan uwa bi da bi yana tura musu saƙon inda yake. Na biyun ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da ake da shi a wuraren da babu irin waɗannan cibiyoyi. Amma ingancinsa ya bambanta ƙwarai daga wani kamfani zuwa wani, sannan in kuɗin layin ya ƙare ko aka rufe layin saboda daɗewa ba a amfani da shi, ba wanda zai sani sai ranar da aka buƙace shi.

## Agogon zamani

Apple ya sa gane faɗuwa a agogonsa tun daga Series 4 a 2018. Samsung ya biyo da Galaxy Watch3 a 2020, Google kuma ya ƙara shi a Pixel Watch a 2023. A agogon Apple, in ya ji faɗuwa mai ƙarfi sai ya motsa a hannu, ya yi ƙara, ya nuna tambaya a allo. In mutum yana motsi, zai jira amsa. In ya ji shiru na kimanin minti guda, sai ya fara ƙirga daƙiƙa 30 yana ƙara sauti, daga nan ya kira lambar gaggawa, bayan kiran kuma ya tura wa waɗanda aka zaɓa saƙo da inda mutumin yake. Yana kunna kansa ga wanda ya shigar da shekarunsa 55 ko fiye. A sauran agogunan, ko ga wanda bai kai waɗannan shekaru ba, a shiga saiti a duba, domin akwai zaɓin da ke sa shi aiki lokacin motsa jiki kawai.

Babbar fa'idarsa ita ce ba ya nuna tsufa. Dattijon da zai ce shi bai kai a rataya masa abu a wuya ba, zai ɗaura agogo da murna, har ya nuna wa abokai. Tunda ma'auni na farko shi ne ko za a sa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga auna bugun zuciya da tunatar da shan magani a kai.

Amma yana da sharuɗɗa da yawa. Faɗuwa mai ƙarfi aka gina shi ya kama, sulalewa kuwa tana wuce shi cikin sauƙi. Cajinsa kusan kullum ne. Allonsa ƙarami ne ga mai raunin gani ko mai rawar hannu, kuma jiƙaƙƙen yatsa ba ya aiki sosai a kansa. Yana buƙatar wayar da ta dace da shi, kuma in ba mai layin kansa ba ne, ko ba a saita masa kira ta Wi-Fi ba, sai wayar tana kusa kiran zai fita. Sannan inda yake kai kiran abin dubawa ne. A wurin da lambar gaggawa ke aiki kuma motar asibiti ke zuwa da wuri, madalla. A inda ba haka ba, abin da ya rage shi ne saƙon da zai je wa 'yan uwa, saƙo kuwa ba ya tayar da mai barci yadda kira ke yi. Kuɗin sayensa ya fi na duk abin da ake sawa a jiki, bayan 'yan shekaru kuma batirin ya gaji.

## Wayar hannu da lasifika mai jin murya

A wayoyin Android da dama, danna madannin kunnawa sau biyar da sauri yana fara kiran gaggawa. A iPhone ana riƙe madannin gefe tare da na sauti. Abu ne mai kyau a koya wa kowa, kuma ba a biyan komai. Sai dai waya tana kan tebur ne ko a caji a lokacin da ake wanka, kuma abin gane haɗari da ke cikin sababbin wayoyi na haɗarin mota ne, ba na faɗuwa a ɗaki ba. Waya ƙari ce a kan wani tsari. Ita kaɗai ba ta isa ga wanda ke kwana shi ɗaya ba.

Lasifika mai jin murya tana da abin burgewa guda: ba sai an sa komai a jiki ba, daga ƙasa za a ɗaga murya a ce ta kira wane. Amma sai da wuta da intanet, sai an sa ɗaya a kowane ɗaki, sai mutum yana iya magana, kuma da yaren da take ji. Da yawansu ba sa kiran lambar gaggawa ta hukuma kai tsaye.

## Na'urorin da ake kafawa a ɗaki

Waɗannan sun kauce wa babbar matsalar gaba ɗaya, tunda ba sa jiran dattijo ya tuna da komai.

Mai amfani da rada, irin Vayyar Care, ana maƙala ta a bango ko a rufi. Tana aika igiyoyin rediyo marasa ƙarfi, ta gane daga yadda suke dawowa ko mutum yana tsaye, yana zaune ko yana kwance a ƙasa. Ba ta ɗaukar hoto, duhu da tururin wanka ba sa hana ta aiki, shi ya sa ta dace da banɗaki da ɗakin kwana. Tunda inda jiki ya ƙare take dubawa, tana da damar kama sulalewar da ke wuce agogo. Akwai kuma masu amfani da idon kyamara, kamar fitilar Nobi ta ƙasar Beljiyam, wadda in ta ga mutum a ƙasa take tambayarsa ko ya faɗi, in ba ta ji ya ce a'a ba ta sanar da masu kula da shi.

Matsalarsu ita ce kowace ɗakinta kawai take gani. Gida mai ɗakin kwana, banɗaki, falo da kicin yana buƙatar huɗu, ga barandar da ke tsakaninsu. Kuɗin ya taru ke nan, ga na kafawa, ga na wata. Suna dogara da wuta da intanet, ba sa bin mutum waje, kuma ba a kowace ƙasa ake samunsu ba. An fi ganinsu a gidajen kula da tsofaffi fiye da gidajen mutane.

Kyamarar tsaro ta yau da kullum kuwa, ban ga hujjarta ba a wannan aiki. Sai wani yana kallo take da amfani, ba za a sa ta a banɗaki ba inda aka fi buƙata, kuma babba ya san ana leƙensa a ɗakinsa ba abu ne mai daɗi ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu masu amfani. Shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin katifa tana sanarwa in an tashi daga gado ba a dawo ba bayan wasu mintuna. Na'urar jin motsi kuma tana sanarwa in lokacin da aka saba ganin motsi ya wuce shiru. Ta biyun tana da jinkiri, tana iya ɗaukar sa'o'i kafin ta yi magana, amma ta fi a wayi gari ba a sani ba.

## Ƙararrawar cikin gida

Madanni a wuyan dattijo ko a bango, da ɗan akwatin da ke ƙara a ɗakin mai kula da shi. Ba layi, ba intanet, ba kuɗin wata, kuma ba ta cika lalacewa ba. Ba ta fita daga gida, don haka amfaninta yana ga inda kullum akwai mutum. In za a sa madanni ko igiyar ja a banɗaki, a sa inda wanda ke kwance a ƙasa zai kai hannu. A Birtaniya ƙa'idar banɗakin masu buƙata ta musamman ita ce jar igiyar ta sauko har santimita 10 daga ƙasa. Sau da yawa sai ka ga an naɗe ta an ɗaure a sama don kada ta hana shara.

## A taƙaice cikin tebur

| Zaɓi | Gane faɗuwa da kansa | Aiki a waje | Caji | Kuɗi | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Madanni mai akwati | Sai an ƙara kuɗi | A'a | Babu, batir na shekaru | Na wata, matsakaici | Iyakarsa gida |
| Abin wuya mai layi | Galibi e | E | Kwana 1 zuwa 'yan kwanaki | Na wata mai ɗan yawa, ko saye sau ɗaya da kuɗin layi | Cire shi don caji |
| Agogon zamani | Faɗuwa mai ƙarfi | E, in da layi ko waya kusa | Kusan kullum | Saye mai tsada | Wuyar sarrafawa, sulalewa na wuce shi |
| Waya ko lasifika | A'a | Waya kawai | Kullum, ko wuta | Kaɗan ko babu | Ba ta kusa a lokacin buƙata |
| Na'urar ɗaki | E | A'a | Wuta da intanet | Mafi tsada | Ɗaki ɗaya kowace |
| Ƙararrawar gida | A'a | A'a | Batir na watanni ko fiye | Mafi arha | Sai da mutum a gida |

## Wa ya dace da wanne

Dattijon da ke zaune shi kaɗai, hankalinsa garau, ba ya yawan fita: madanni mai akwati haɗe da cibiya, a ƙara masa gane faɗuwa. Rashin caji shi ne ya sa na fifita shi a nan, domin zai kwana a wuya.

Wanda ya taɓa suma, ko yake da farfaɗiya, ko sugansa ke sauka, ko jiri ke ɗibarsa in ya miƙe: kada a sayi abin da sai an danna. Abin wuya mai gane faɗuwa shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi. In kuma yana shan maganin tsinka jini irin warfarin, a rubuta wannan a bayanan da cibiya ko 'yan uwa ke riƙe da su, domin bugun kai a wajensa na asibiti ne ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau.

Mai ƙarfi a jika, mai fita harkokinsa, wanda ya saba da waya kuma ya ce ba zai rataya komai ba: agogo mai layin kansa. A kunna gane faɗuwa ya zama na kowane lokaci, a shigar da lambobin 'yan uwa, a samo lokacin caji da rana. In ba ya son agogon ko allon na ba shi wuya, abin wuya mai layi a ƙarƙashin riga zai yi aikin.

Wanda gigin tsufa ya fara kamawa: duk abin da ke buƙatar ya tuna, ya danna ko ya amsa tambaya a allo, a cire shi daga lissafi. Na'urar ɗaki a banɗaki da ɗakin kwana, shimfiɗar katifa, in kuma yana fita ya ɓace a ƙara abu mai GPS a jikinsa da wani ke kula da cajinsa. A wannan mataki na'ura taimako ce ga mai jinya, ba ta zama a madadinsa.

Gidan da ba ya rabuwa da mutane: ƙararrawar cikin gida ta wadatar, madanni ɗaya a wuya, ɗaya a ƙasa-ƙasa a banɗaki. Kuɗin da aka rage ya fi amfani a sa shi a ƙarfen dafawa, shimfiɗar hana santsi, da fitila mai kunna kanta a hanyar banɗaki.

Inda babu cibiyar amsa kira, ko wuta ba ta tsayawa: abin wuya mai layi da ke kiran 'yan uwa kai tsaye. A sa lambobi aƙalla uku, na farko ya zama wanda ya fi kusa da gidan, ba lallai babban ɗa ba. Kowannensu ya ajiye lambar na'urar cikin waɗanda ke shigowa ko da waya tana kan shiru, mutum ɗaya kuma ya ɗauki nauyin kuɗin layin.

Kowanne aka zaɓa, a nemi mai lokacin gwaji da za a iya mayarwa. A makon farko dattijon ya danna da hannunsa daga banɗaki, ƙofa a rufe, ruwa na zuba, a duba minti nawa aka yi kafin wani ya amsa da kuma kafin wani ya iso ya buɗe ƙofar gida. Kada a sa shi ya gwada faɗuwa, a bi hanyar gwaji da kamfanin ya bayar. Bayan nan a tsayar da rana ɗaya a kowane wata da za a riƙa maimaita dannawar.